Ɗigon Rawaya a Kan Noti

Asabar, Ostiriya, da yamma

Elia na asibiti. Ƙashin kafaɗa ya karye, haƙarƙari sun tsage, amma an ce ya buɗe ido ya zagi likita, to yana nan da ransa. Shekararsa ashirin da ɗaya. Babur ɗin tseren da ya jefar da shi a kwanar farko kuwa, ni ne mai kula da gabansa: taya, birki, duk abin da ke tsakanin hannunsa da kwalta.

Sun dawo da babur ɗin a lulluɓe a bayan mota. Saverio, mai ƙungiyar, ya sa aka sauke ƙofar gareji har ƙasa, muka zagaye shi a tsaye kamar masu jana'iza. Birkin gaba ya fita daga mazauninsa. Noti ɗaya ya ɓace, ɗayan kuma Oreste mai taya ya juya shi da yatsu biyu, ba ko sifana. A kansa akwai ɗigon fenti. Rawaya.

A garejinmu kowa da launinsa. Ka ɗaure noti da sifanar awo, ta ce ƙas, sannan ka ɗiga fentinka, wato ka ɗauki alhakin wannan notin a wuyanka. Oreste kore, Baba Ermete ja, ni rawaya. Ba wanda ya dube ni. Da ma sun dube ni, da ya fi min sauƙi.

Ba zan rubuta abin da na gani ba. Mai shi zai faɗa da bakinsa.

Lahadi, da safe

Bai ce komai ba.

Lahadi, bayan an tashi tsere

An yi tseren ba mu. Na wuni ina naɗe wayoyi ina cusa kaya cikin akwatuna. Da na ɗauki farantina na zauna inda na saba a tantin cin abinci, sai teburin ya fara zubewa: wannan ya tuna zai buga waya, wancan ya tuna bai sha kofi ba. Taliyar ma ta dahu ta caɓe, ko ita ba ta yi min adalci ba.

Oreste ne kaɗai ya matso, shi ma don ya ci fuskata.

"A'a, Mai Fenti! Kai kaɗai? Don Allah ɗiga min rawaya a goshi ko kaina zai daina ciwo, tunda fentinka shi ke ɗaure abu, ba sai an wahalar da sifana ba."

"Oreste, janye min wannan tumbin naka daga gabana."

"To, ranka ya daɗe, na janye. Ai ba na son a kwance ni."

Shekara tara muna raba ɗaki a otal-otal na duniya. Na haƙura da minsharinsa, na haƙura da warin takalminsa. Yau ni yake yi wa gatse.

Baba Ermete yana can ƙarshen tanti yana juya cokali a kofi. Uban matata ne, kuma shi ne babban bakaniken wannan ƙungiya tun kafin a haifi Elia. Ya zuba sukari ya juya, ya sake zubawa ya juya. Sai ya ɗago ya yi min murmushin tausayi. Saura kiris in jefe shi da farantin.

Talata, a hanyar gida, tsakar rana

Mun tsaya shan mai bayan mun sauko daga duwatsu, Saverio ya kira ni bayan tirela. Ya sa tabaran nan nasa na rana don kada in ga idonsa.

"Nevio, ba zan kore ka yanzu ba, don darajar tsohon nan. Amma hannunka ba zai ƙara taɓa babur ba. Wankin ƙarafan taya, jan akwatuna, shara. Maganar kwantiragin baɗi kuma, sai mun gani."

"Oga, ka bari in yi maka bayani."

"Launin wa ke kan notin?"

"Nawa, amma..."

"To bayanin me ya rage?"

Don darajar tsohon nan. Na maimaita ta tun daga wurin har muka hango teku. Mutumin da ko canza fulogi bai iya ba, wanda ya gaji kuɗin sayar da tayil, shi ne zai ce sai mun gani.

Laraba, da safe

Doriana, matata, ta ga fuskata, ta ɗora ruwan wanka. Ba ta tambaye ni ba, ni ma ban ce ba. Wanda nake jira ya san hanyar gidan nan. Taku kaɗan ne daga ƙofarsa zuwa tamu.

Alhamis, da yamma

Bai zo ba. Bai ce komai ba.

Juma'a, a shagon ƙungiya, lokacin hutun rana

Wanke ƙarafan taya aikin sabon shiga ne. Na yi shi ina ɗan shekara goma sha biyar, a wannan kwatamin, Baba Ermete tsaye a kaina yana duba ko na bar maiƙo. Shi ya koya min komai, har yadda ake tsayuwa kusa da babur. Dokokinsa biyu ne, ya dasa mana su a ka da ranƙwashi. Ta farko, fenti ba ya riga ƙas. Ta biyu, ba a ɗora sifana a kan notin da wani ya ɗiga wa launinsa, don yin haka daidai yake da ka ce masa maƙaryaci a gaban jama'a. Na ga ranar da ya kori wani ɗan Sifen a tsakiyar tsere saboda ya bi bayan aikin abokinsa. Mutumin ya tafi filin jirgi da kayan aiki a jikinsa.

Shi ya sa ranar Asabar ban duba ba. Lokaci ya ƙure, Elia yana ta buga totur yana ihu a cikin hular kwano, aka ce min, "Ruga ka ɗauko ɗaya tayar, ni zan rufe gaba." Na ruga. Da na dawo gaba a rufe, alƙalamin fentina kuma ba ya kan tirena, yana hannun wani, jan nasa ban san inda ya jefa shi ba. Na ga rawaya a kan noti. Ban ji ƙas ba, amma ai ba na wurin. Wa zai bi bayan aikinsa? Ni?

Na ce ba zan rubuta ba. Ga shi na rubuta.

Lahadi, bayan abincin rana

Kamar kowace Lahadin da ba tsere, mun ci abinci a gidan Baba Ermete. Doriana ta murza taliya da hannu, ta yi miyar nama irin wadda uwarta ke yi kafin ta rasu. Na ci ban ji ɗanɗanon komai ba. Ya tambaye ni ko na gyara famfon bayan gida, na ce na gyara. Kafin a kawo kofi ya sake tambaya. Na ce a raina, yi ta kewaye-kewaye, tsoho, ina nan ina jiranka.

Da muka gama ya ce in raka shi gindin ɓaure. Na ce yau ce. Har na shirya abin da zan ce, cewa ba komai, mu je wurin Saverio tare.

Ya dafa kafaɗata.

"Yaro, na ga kana ta cin ranka. Kowa na kuskure, ka ji ko? Hannu na mantuwa. Na yi magana da Saverio, na ce masa in ya kore ka, ni ma ya kore ni. Ni dai na yafe maka."

Ya yafe min.

Ban san yadda na iso gida ba. Na shiga bayan gida na kama famfon da na gyara na murɗe shi har ya karye a hannuna. Yanzu ruwa na ta zuba, Doriana na ta masifa, ni kuma ko a jikina.

Litinin, da safe

Munafuki. Tsohon munafuki. Shekara talatin ina ce masa Baba.

Laraba, da yamma

Elia ya zo shago, hannu a rataye, an sa masa ƙarfe a kafaɗa. 'Yan tseren nan ba su da hankali, da an ɗinke su sai su fara tambayar yaushe za su hau. Ya gaisa da kowa, ya rungumi Oreste da hannu ɗaya. Da ya iso kwatami sai ya tsaya yana kallon ruwan sabulu.

"Elia, ya jikin?"

"Kada ka kira sunana. Ka san me na gani da na damƙi birki na ji wayam? Katanga na gani. Ita kaɗai." Ya ɗago ya dube ni. "Ko uwata ban amince mata ba kamar yadda na amince maka, Nevio."

Ya juya ya ce wa Saverio zai hau a tseren gida, mako mai zuwa, a gaban mutanen garinsa. Sharaɗinsa ɗaya: Baba Ermete da kansa zai riƙa ɗaure masa gaba, ba wani ba. Kowa ya tafa. Tsohon ya cire hula ya sunkuya kamar ɗan wasa, ya ce, "Kada ka damu, Valerio, kana hannuna."

Suka yi dariya, wai tsoho na zolaya. Valerio mahayinsa ne na da, ya mutu tun ina wankin ƙarafa na farko. Ni ban yi dariya ba.

Alhamis, hutun rana

Na tare shi a ɗakin ajiya, na rufe ƙofa.

"Baba, don girman Allah, mu biyu ne a nan. Ranar Asabar ɗin nan, wa ya rufe gaba?"

"Kai mana. Aikinka ne."

"Wa ya aike ni ɗauko taya?"

"Wace taya?"

"Baba, dube ni."

Ya dube ni. Na san idon mutumin nan in yana ƙarya, na gan shi yana yi wa masu binciken inji ƙarya a ƙasashe da yawa, gefen bakinsa na motsi. Yau bakinsa bai motsa ba. Ido ne tas, har da ɗan damuwa a ciki, damuwa a kaina. Ya ce in je in huta, rana ta buge ni. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa yana lalube aljihunsa, ya ce me ma ya shigo ɗauka.

Wallahi da ƙarya yake yi da na fi jin daɗi. Mako biyu ina ƙinsa, ƙiyayyar ce ke tashe ni da safe ta kai ni aiki. Yanzu ban san inda zan ajiye ta ba.

Juma'a, da yamma

Na gaya wa Doriana. Tana yanka albasa, ta ajiye wuƙar a hankali.

"Ka kusa kashe ɗan mutane, yanzu kuma ubana za ka shafa wa kashin kaji? Wanda ya ɗauko ka daga titi, ya ba ka sana'a, ya ba ka 'yarsa?"

"Ban ce da gangan ya yi ba."

"Rufe min baki, Nevio! Ka ji kunya!"

Ta shige ɗaki ta bugo ƙofa. Na zauna da albasa. Can ta fito, ido jajur, ta tsaya ta ba ni baya tana wanke tukunyar da take a wanke.

"Sau biyu ina samun gas ɗinsa a kunne," in ji ta. "Rannan a bakin coci na tsince shi, wai yana jiran Mama ta fito." Ta ci gaba da dirzar tukunya. "Ƙarshen shekarar nan zai ajiye aiki. Saura 'yan watanni. Za a yi masa liyafa, za a ba shi agogo. Ka bar shi ya fita da mutuncinsa, na roƙe ka. Garejin nan shi kaɗai ne wurin da bai ɓace masa ba."

"To Elia fa?"

Ta kife tukunyar ta ɗauki wata. Ashe ta sani. Tun ranar da na dawo ta ɗora min ruwan wanka, ta sani, ta bar ni ina wanke ƙarafa.

Lahadi

Ban je cin abinci ba. Na ce cikina ke ciwo.

Talata, da safe

Na je ofishin Saverio. Na fara da cewa ya kamata a sa mutum biyu a gaban babur, ko a riƙa bin bayan kowane aiki, kowa da kowa, ba tsohon kaɗai ba. Ya cire tabarau ya yi dariya har da buga tebur.

"Kai ne za ka koya mana ɗaure noti? Kai?"

Sauran maganar tana bakina. Na haɗiye ta. Na tsani kaina, na tsane shi, na tsani hotunan kofuna da ya jera a bango kamar shi ya ci su.

Alhamis, filin tsere na gida, da yamma

Mun kafa gareji. Rabin garinmu na nan, iska duk ƙamshin gurasa da gasasshen nama. Oreste ya liƙa wata takarda mai launin rawaya a bayan rigata, na yi yawo da ita har rana ta karkata ban sani ba. Alƙalamina na jefa shi a kwandon shara tun a Ostiriya, su nemi wani abin dariyar.

Gobe da safe Elia zai fita gwaji. A ƙarshen doguwar hanyar nan ana kai gudun da ko tsuntsu ba ya kaiwa, sannan a damƙi birki. Bayan kwanar akwai tsakuwa kaɗan, sai katanga.

An ce in tsaya a bayan gareji, kada in tsallake layin da aka ja a ƙasa. Daga bayan layin ana jin ƙas, in an kasa kunne.

Juma'a, tsakar rana

Bari in rubuta tun da zafinsa.

Ina bayan layi da bokitina. Baba Ermete ya durƙusa a gaban babur, ya sa taya, ya mayar da birki, ya shigar da notuna da yatsu kamar yadda ake yi. Sifanar awo tana gefen gwiwarsa. Wani ɗan jarida ya kira shi daga ƙofa, ya ɗago ya ɗaga masa hannu. Da ya mayar da kai sai ya zaro jan alƙalami daga bayan kunne, ya ɗiga, ya ɗiga, ya miƙe yana share hannu. Sifanar tana nan inda take.

Na ce wataƙila ƙarar injuna ce ta hana ni ji. Na ce Doriana. Na ce liyafa da agogo. Elia ya ɗora ƙafa ya hau, ya rufe gilashin hularsa, aka tayar da inji.

Na ajiye bokiti na tsallake layin.

"Kai! Ina za ka?" in ji Saverio.

Na tsaya a gaban tayar, na riƙe kan babur da hannu ɗaya. Elia ya buɗe gilashi yana zagina, har uwata ya ambata. Oreste ya shaƙo rigata ta baya.

"Mai Fenti, ka haukace ne? Jan Baba ne a kai! Ka taɓa shi, wallahi sai na fasa maka baki!"

Na sunkuya na ɗauki sifanar. Tunda nake ban taɓa ɗora ƙarfe a kan launin wani ba, hannuna ya ƙi, sai da na tilasta shi. Na ɗora a kan jan ɗigon na ja.

Ta juya. Ba ƙas. Ta sake juyawa, laƙwas, kamar murfin kwalba. Na koma kan na biyu, shi ma haka.

Wani ya kashe injin. Oreste ya sake min riga. Elia ya sauko a hankali ya zauna a ƙasa, a nan kan siminti, ya cire hula ya riƙe ta a cinya.

Baba Ermete ya matso, ya sa tabaransa, ya duƙa yana kallon notunan. Ya daɗe. Sai ya miƙe, fuskarsa ta yi ja, ya daka tsawar nan tasa da ke sa mu fitsari a wando muna yara.

"Wane ɗan iska ne ya ɗaukar min alƙalami? Wa ya ɗiga launina a kan notin da bai ɗaure ba? Ya fito!"

Alƙalamin na bayan kunnensa. Kowa na ganinsa.

Asabar, da safe

Doriana ba ta ɗaga wayata. Ta aiko da saƙo, kalma ɗaya: "Madalla."

Asabar, lokacin abincin rana

An mayar da ni gaban babur. Saverio ya kawo min sabon alƙalami da kansa, yana ta surutu a kan baɗi, wai shi dama tun farko zuciyarsa ba ta kwanta ba. Oreste ya kawo min kofi, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Nevio, ka san ni da baki. Wasa ne duk."

"Ajiye a nan."

"To ka zage ni mana, in ji sanyi."

Ban zage shi ba. Bai kai ba. Elia kuwa, da zai fita, ya tsaya har sai da ya ji ƙas sau biyu daga hannuna, sannan ya rufe gilashi.

Tsohon kuma an ce ya huta, an ba shi kujera a bayan layin. Ba a kore shi ba, sai bayan tsere za a san yadda za a gaya masa, in ji Saverio. A tantin cin abinci ya ɗauki farantinsa ya zauna inda ya saba zama shekara da shekaru, sai teburin ya fara zubewa. Wannan ya tuna zai buga waya, wancan ya tuna bai sha kofi ba. Mutanen da ya koya wa riƙe sifana. Suna ta yafito ni daga ɗaya teburin, sun ware min wuri a tsakiya. Ban taɓa ƙinsu kamar yau ba.

Na ɗauki farantina na je na zauna kusa da shi. Yana juya cokali a kofi. Ya dube ni, ya dubi kujerun da ba kowa, ya girgiza kai.

"Har yanzu gudunka suke yi, ko? Rabu da su, 'yan banza ne, za su gaji." Ya dafa hannuna. "Kowa na kuskure, yaro. Na yi magana da Saverio, ba inda za ka. Ni dai na yafe maka."

Na matsar da gwangwanin sukari daga gabansa kafin ya ƙara na uku.

Na ce, "Na gode, Baba."